Gwajin mura na minti 15 ko na inji: wanne ya dace da asibitocinmu na Sakkwato?

Daga ƙarshen Nuwamba, da hazo ya sauka a Sakkwato, bencin jiran likita kan cika da masu zazzaɓi da tari da ciwon jiki. Abu na farko da ake yi shi ne a soki yatsa a duba malariya, kuma haka ya kamata. Matsalar takan fara ne idan layi ɗaya kawai ya fito. Uwa za ta gyara goyo ta ce, "Likita, an ce babu malariya, to mi ke damun shi? Tun jiya bai ci komi ba." Sau da yawa abin da ke biyo baya shi ne a haɗa mata maganin malariyar da aka ce babu, a ƙara da maganin kashe bakteriya, a sallame ta.

Tun bayan korona, dillalan kayan asibiti suka fara yawo da wasu kwalaye na gwajin mura, wasu ma a haɗe suke da na korona a faifai guda. Masu ƙananan asibitoci daga Mabera zuwa Arkilla suna tambaya ko su saya, in kuma za su saya, wanne. Iyaye ma akan ce su biya kuɗin gwajin ba tare da an gaya musu abin da zai iya nunawa da abin da ba zai iya ba. Ina ganin tambayar ta cancanci amsa mai tsawo, domin kayan gwajin nan ba ɗaya suke ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta kai a ce ran majinyaci na iya rataya a kanta.

Murar da ake nufi a nan ba ta yoyon hanci da atishawa ba ce wadda kowa ke yi da sanyi. Infuluwenza ce, wadda kan faɗo wa mutum farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi da busasshen tari, ta kwantar da ƙato kwana uku ko huɗu. Nau'i biyu ne ke yawo tsakanin mutane duk shekara, A da B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowace shekara mutum miliyan 3 zuwa 5 ke yin mai tsanani, kuma tsakanin 290,000 da 650,000 ke mutuwa ta dalilin illar da take yi wa numfashi. Waɗanda ta fi yi wa ɓarna su ne yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tsofaffi, masu juna biyu, masu asma, ciwon suga, ciwon zuciya ko sikila, da yaran da tamowa ta riga ta raunana. Duk wanda ya san ɗakin yara a asibitocinmu ya san rukunin ƙarshen nan ba kaɗan ba ne.

Kayan gwajin da abin da kowanne ke nema

Mafi araha shi ne ɗan faifan roba mai kama da na malariya. Ana shafo majina da tsinken auduga, a jujjuya shi cikin ruwan magani, a ɗiga a faifan, a jira minti 10 zuwa 15, a duba layi da ido. Abin da yake nema shi ne wani furotin na jikin ƙwayar cutar. Ba ya ƙara yawan abin da aka ba shi, don haka idan ƙwayoyin da tsinken ya ɗebo ba su da yawa, layin ba zai fito ba ko da mutum yana fama da cutar.

Na biyu shi ma furotin ɗin yake nema, sai dai ba ido ke karantawa ba, wata 'yar na'ura ce ake zura faifan a ciki. BD Veritor da Sofia su ne sanannu a wannan rukuni. Na'urar tana ganin layin da ya yi dishi-dishi wanda ido zai wuce, kuma ba ta gajiya da yamma kamar ma'aikacin da ya wuni a tsaye.

Na uku ya sha bamban da su. Yana neman ƙwayar halittar cutar ce, ya riɓanya ta sau miliyoyi har sai ta bayyana, don haka ko kaɗan aka samu yana iya kamawa. A cikinsa akwai ƙananan injina masu ba da sakamako cikin minti 15 zuwa 30, irin su ID NOW na kamfanin Abbott, cobas Liat na Roche, da Xpert Xpress da ake sakawa a injin GeneXpert. Sai kuma babban gwajin PCR na ɗakin bincike, mai ɗaukar sa'o'i, wanda shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi, kuma shi ke iya faɗin ainihin dangin ƙwayar, ko H1N1 ce ko H3N2 ko wata baƙuwa.

Kowane gwaji ana auna shi ta fuska biyu. Ta farko, cikin mutum ɗari da suke da cutar da gaske, nawa yake kamawa. Ta biyu, cikin mutum ɗari da ba su da ita, nawa yake wankewa. Dillali yakan haɗe su ya ce maka kayansa "kashi 98 ne", kuma ba lallai ƙarya ya yi ba, sai dai ta biyun yake faɗa ya bar ta farkon, alhali a ta farkon ne aibin yake.

A shekarar 2017 mujallar likitanci ta Annals of Internal Medicine ta buga wani nazari da ya tattara bincike 162 da aka gwada waɗannan kaya da PCR. Faifan da ake karantawa da ido ya kama kashi 54 na masu nau'in A da kashi 53 na masu nau'in B. Mai na'urar karantawa ya kama kashi 80 na A da kusan 77 na B. Ƙananan injinan ƙwayar halitta suka kama kusan kashi 92 na A da 95 na B. Ta fuskar wanke marasa cutar kuwa, duka ukun sun haura kashi 98. Wani nazarin da ya gabace shi a 2012, a wannan mujalla, ya samu faifan ido yana kama kusan kashi 67 a yara amma kusan 54 kawai a manya. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ita ma ta daɗe tana cewa ƙarfin kamawarsa yana tsakanin kashi 50 da 70.

Alƙaluman nan ba sa shiga jiki sai an mayar da su mutane. A ɗauka mutum 1,000 suka zo da zazzaɓi da tari a tsakiyar hunturu, kuma 200 daga cikinsu infuluwenza ce ke damunsu. Wannan misali ne na lissafi, ba ƙidayar wani asibiti ba. Faifan ido zai kama 108, ya saki 92 su koma gida da takardar da ke cewa ba a ga komai ba. Mai na'ura zai kama 160 ya saki 40. Injin ƙwayar halitta zai kama kimanin 184 ya saki 16. A cikin 800 da ba su da cutar, kowanne daga ukun zai iya ɗora wa kimanin 16 cutar da ba tasu ba, ko ƙasa da haka. To ka ga idan faifan ido ya ce akwai, cikin mutum 124 da ya nuna, 108 gaskiya ne, wato kusan tara cikin goma. Wannan abin dogaro ne. Idan kuwa ya ce babu, ya bar kusan rabin masu cutar a baya. Koma ce mai faɗin ido: kifin da ta kamo kifi ne, amma fitowarta wayam ba ta nuna ruwan ba kifi.

Yanzu a juya lokacin. A ce ba kakar mura ba ce, cikin mutum 1,000 ɗin 20 ne kawai ke da ita. Faifan zai kama 11. Cikin 980 da suka rage zai yi kuskuren nuna kusan 20. Ke nan cikin mutum 31 da aka ce suna da ita, 11 ne kawai na gaskiya. Kwali ɗaya, ma'aikaci ɗaya, amma "akwai" ɗin da ya zama abin dogaro a Janairu ya koma abin tuhuma a lokacin da cutar ba ta yawo. Shi ya sa duk wanda zai karanta sakamakon nan dole ya san abin da ke faruwa a gari.

Sanin hakan a wurinmu yana da wuya, kuma wannan yana ci mini rai. Najeriya ta fara sa ido kan infuluwenza a hukumance a 2008, da wasu zaɓaɓɓun asibitoci da ke tura samfuri Abuja. A Arewa maso Yamma, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano shi ne wurin da aka zaɓa tun farko. Rahoton farko da ya fito daga wannan tsari ya nuna ƙasa da kashi 10 na samfuran ne ke ɗauke da infuluwenza, kuma ta fi yawa a watannin hunturu. Abin lura a nan shi ne, ko cikin masu zazzaɓi da tari, mafi yawa ba ita ba ce. Akwai wasu ƙwayoyin cutar numfashi barkatai da ke kawo alamomi iri ɗaya, kuma faifan mura ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu.

Akwai wata ɗabi'a da muka ɗauko daga gwajin malariya wadda take cutar da mu a nan. Shekara da shekaru ana koya wa ma'aikatan lafiya cewa idan gwajin malariya ya ce babu, a yarda da shi, kada a ba da magani, a nemi wani dalilin zazzaɓin. Koyarwa ce mai kyau, domin faifan malariya yana da ƙarfin kamawa sosai. Sai ga faifan mura ya zo da kama iri ɗaya, rami ɗaya, layi biyu, minti goma sha biyar, hannu kuma ya riga ya saba. Ma'aikaci zai rubuta "babu" da irin tabbacin da yake rubuta na malariya, likita ya karanta da irin wannan tabbacin. Da a ce ni ke da iko da takardar sakamako a kowane asibiti, da na sa an buga a ƙasanta cewa rashin fitowar layi a wannan gwaji bai kore infuluwenza ba. Haka kuma fitowar layin malariya ba ta kore mura ba. Yaro na iya ɗauke da duka biyun, kuma faifan malariya da aka fi amfani da shi yakan ci gaba da nunawa makonni bayan an warke.

Wani zai ce alƙaluman 2017 sun tsufa, kayan yanzu sun fi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A shekarar 2017 ɗin ce hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta tsaurara doka, ta ce duk faifan da za a sayar a can sai ya kama aƙalla kashi 80 idan aka gwada shi da PCR, kuma waɗanda suka kasa aka janye su daga kasuwarsu. Amma dokar Amurka a Amurka take aiki. Kwalin da ya iso Sakkwato ta hannun dillali na uku ba dole ne ya bi ta wannan ƙofa ba. Adadin da ke rubuce a takardar cikin kwali kuma na kamfani ne, an samo shi a yanayi mai kyau, da ƙwararrun hannu, da kayan da ba su taɓa kwana a bayan mota ba.

Abin da ke hannunmu

Rabin ingancin gwajin nan ba a kwali yake ba, a hannun mai ɗaukar samfuri yake. Na sha ganin yadda ake yi: a taɓa bakin hanci da tsinken, a ɗan jujjuya, yaro ya yi kuka, uwa ta janye shi, ma'aikaci ya ce ya isa. Bai isa ba. Idan kwalin na samfurin can ƙuryar hanci ne, sai an zaunar da majinyaci, a ɗan ɗaga haɓarsa, a tura tsinken a kwance yana bin ƙasan hanci kamar ana nufin kunne, ba sama wajen ido ba, har sai ya tokari bango. A bar shi 'yan daƙiƙoƙi ya sha, a murza, a zaro a hankali. Idon mutum zai kawo ruwa, wannan alama ce an kai wurin. Ga yaro, uwa ta ɗora shi a cinya, ta rungume hannayensa da hannu ɗaya, ɗayan ta dafe goshinsa a ƙirjinta. Ma'aikaciya mai haƙuri takan ce, "Hajiya, riƙe shi da kyau, yanzu za a gama, in ya motsa sai mun sake." Wasu kwalayen kuma na tsakiyar hanci ne, ba sa buƙatar zurfin nan. A karanta takardar, a yi amfani da tsinken da ya zo da kayan, kada a ɗauko wani. Da hazo hanci kan bushe ya tsattsage, jini a samfuri kuma yana iya rikita karatun layin.

Sai lokaci. Ƙwayar cutar ta fi yawa a hanci cikin kwana uku zuwa huɗu na farko, daga nan sai ta yi ta raguwa. Mu kuwa mutanenmu ba sa zuwa ranar farko. Sai an sha farasitamol, an je kemis an karɓo haɗi, an yi sirace, an sha jiƙo, ranar biyar ko shida jiki ya ƙi sannan a nufi asibiti. A wannan rana faifan ido ya riga ya rasa mafi yawan ƙarfinsa, injin ƙwayar halitta ne kawai ke da sauran dama. Wannan kaɗai ya isa ya sa in yi tsammanin abin da faifan zai kama a wurinmu ya gaza abin da aka gani a ƙasashen da ake zuwa asibiti da wuri. Yara sun fi manya fitar da ƙwayar, kuma sun fi daɗewa suna fitarwa, shi ya sa gwajin ya fi aiki a kansu. Dattijo mai shekara saba'in da ya zo a kwana na biyar shi ne wanda faifan zai fi saurin kuskurewa, kuma shi ne wanda kuskuren zai fi yi wa illa.

Ga kuma zafi. Galibin waɗannan kaya an rubuta a ajiye su tsakanin digiri 2 da 30. A Afrilu da Mayu Sakkwato tana haura 40 a inuwa, ɗakin ajiya mai rufin kwano kuwa ya fi haka nesa. Kwalin da aka saya da hunturu ya rage, ya yi bazara a kan kanta, aka ɗauko shi hunturu mai zuwa, kwanan watansa bai ƙare ba amma ba wanda zai rantse a kan abin da ke ciki. Layin tabbatarwa, wanda ke nuna an yi gwajin daidai, na iya fitowa lafiya lau alhali ƙarfin kamawar ya ragu. A sayi kaɗan, a ajiye a wuri mafi sanyi, kada a saka a firiza, kada a yage ledar sai za a yi aiki. A kuma karanta a kan lokaci da agogo a gaba. Layin da ya fito bayan lokacin da takarda ta faɗa ba sakamako ba ne.

Na'urar karantawa tana magance matsalar ido da ta agogo, amma ba ta magance ta tsinke ko ta zafi. Tana son wuta ko batir, kuma da ka saye ta ka ɗaure kanka da faifan kamfaninta, ranar da dillali ya daina kawowa ta zama ado a kan tebur. Kafin a biya kuɗinta a tambayi wa zai riƙa kawo faifan, daga ina, kuma wa zai gyara in ta tsaya.

Injinan ƙwayar halitta su ne suka fi kowa iya aiki, su ne kuma suka fi kowa son gata. GeneXpert ba baƙo ba ne a wurinmu. Shirin yaƙi da tarin fuka ya rarraba shi a asibitoci da dama a faɗin ƙasar nan, kuma a lokacin korona an yi amfani da shi wajen gwajinta. Wannan babbar dama ce, tunda injin da ma'aikatan da suka iya shi suna nan, abin da ya rage shi ne kwanson gwajin mura, wato ɗan akwatin da ake zuba samfuri a ciki a saka a injin. Sai dai kwanson yana da tsada, yana son ajiya ƙasa da digiri 28, injin kuma yana son ɗaki mai sanyi da bai wuce digiri 30 ba, wuta marar yankewa, da kariya daga ƙura, abubuwa ukun da garinmu ya fi ƙarancinsu. Injin da aka kawo don tarin fuka kuma yana da layin samfuransa, ba a karkatar da shi sai da yardar masu shirin. Wani abu guda da ya kamata a sani: saboda tsananin ƙarfinsa yana iya nuna ragowar ƙwayar da ta riga ta mutu, don haka ba a amfani da shi a ce ko mutum ya warke.

Tambayar da ke raba gardama

Kafin a ce wanne ya fi, a tambaya: idan sakamako ya fito, me zai canja? Maganin infuluwenza da aka fi sani shi ne oseltamivir, wanda ake sayarwa da sunan Tamiflu, kuma ya fi amfani idan aka fara shi cikin sa'o'i 48 na farko. Ga wanda aka kwantar ko wanda jikinsa ya yi tsanani, ana ba shi ko an wuce wannan lokaci, kuma ba a jiran sakamako. Ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2018, ta ce a yi wa majinyacin da ke kwance gwajin ƙwayar halitta, kada a dogara da faifan gaggawa sai in babu wani, in kuma aka yi ya ce babu, a tabbatar da PCR. Asibitin da zai sayi kayan gwaji bai tanadi maganin ba ya fara daga ƙarshe.

Ko babu maganin, "akwai" tana da amfaninta. Tana ba likita ƙarfin gwiwar ce wa uba, "Alhaji, wannan ba ta buƙatar allurar kashe bakteriya, a ba shi ruwa da farasitamol, a dawo da shi in numfashi ya canja." Tana sa a raba mai tari da jariri da tsohuwa a gida. Tana tunatar da cewa ba a ba yaro asfirin a wannan hali, domin yana iya jawo mummunar illa ga hanta da ƙwaƙwalwa. Amma ba ta kore ciwon huhu na bakteriya ba, wanda sau da yawa yakan biyo bayan murar. Wanda ya fara samun sauƙi sannan zazzaɓi ya dawo da ƙarfi, a duba huhunsa ko me faifai ya ce.

Ga ƙaramin asibitin karkara, a ce a Tangaza ko Kebbe ko Gudu, shawarata kada a sayi faifan mura don aikin yau da kullum. Kuɗin ya fi amfani a na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa, da agogon ƙirga numfashi, da amoksisilin na yara, da faifan malariya da ba ya yankewa. Yaro ɗan wata 2 zuwa 11 da ke numfashi 50 ko fiye a minti, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 da ke yin 40 ko fiye, yana buƙatar kulawar ciwon huhu. Wanda iskar jininsa ta sauka ƙasa da 90, ko ya kasa shan nono, ko yake suma, tura shi babban asibiti za a yi nan take. Babu ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce da ke jiran gwajin mura.

Asibitin kuɗi na cikin gari da ke ganin yara da yawa, wanda ke da sola ko janareta tsayayye, shi ne wurin da na'urar karantawa ta dace, tunda yaran birni sun fi zuwa da wuri kuma gwajin ya fi kama su. In ƙarfin bai kai ba sai faifan ido, to a yi shi da sharaɗi uku a zuciya: da hunturu, cikin kwana huɗun farko, kuma "babu" ba ta rufe magana. A gaya wa mai biya wannan kafin ya biya. Karɓar kuɗin talaka a kan gwajin da zai kuskure rabin masu cutar ba tare da an faɗa masa ba, ban ga adalci a ciki ba.

Manyan asibitoci masu kwantar da marasa lafiya, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, da na mata da yara na Maryam Abacha, matsayinsu na gwajin ƙwayar halitta ne. Ba don kowa ba. A ware kwanson don mai juna biyu da numfashi ya yi wa wuya, da jaririn da ke kan iskar oksijin, da tsohon da ke ɗakin kulawa ta musamman. Kwanso goma da aka kashe a kan waɗannan sun fi faifai ɗari da aka rarraba a layin ganin likita.

Akwai wuri guda da faifan ido mai araha yake da daraja sosai, kuma ba a cika ambatonsa ba. Idan zazzaɓi da tari suka barke a makarantar kwana, ko tsangaya, ko sansanin 'yan gudun hijira, tambayar ba ta mutum ɗaya ba ce, ta taron ce. A zaɓi waɗanda suka fara ciwo jiya ko shekaranjiya a gwada biyar ko shida. Ko da ƙarfin kamawar kashi 54 ne, idan duka biyar ɗin infuluwenza ce ke damunsu, yiwuwar a ce duk su fito babu kusan kashi 2 ce kawai. Biyu ko uku suka nuna, an san abin da ya shigo, sauran ba sai an gwada su ba. Raunin da yake da shi a kan mutum ɗaya yawan mutane yana rufe shi. Kwali ɗaya a ofishin lafiya na ƙaramar hukuma, a ajiye da kyau, zai yi wannan aiki.

Wurare biyu kuma ban yarda a tsaya kan faifai ba ko wane iri ne. Na farko murar tsuntsaye. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da H5N1 a wata gonar kaji a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, a farkon 2007 kuma ta kashe wata mata a Legas. Faifan gaggawa iyakarsa ya ce A ko B, ba ya bambance ta mutane da ta kaji, kuma yana iya kuskure ta gaba ɗaya. Mai kiwon kaji ko mai fiɗa a kasuwa da ya zo da zazzaɓi da sarƙewar numfashi bayan kajinsa sun yi ta mutuwa, a keɓe shi, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ko a kira hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a 6232, samfurinsa ya tafi babban PCR. Na biyu sanƙarau, wanda kakarsa ke haɗuwa da ƙarshen ta mura, kuma mutanen Sakkwato da Zamfara ba su manta da 2017 ba. Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, ba a ɓata minti goma sha biyar ana jiran layi.

Idan dillali ya zo, a karɓi kwalin a juya shi. A nemi lambar NAFDAC da ranar ƙarewa. A buɗe takardar ciki a nemi adadin kamawa na A da na B daban-daban, a duba da me aka gwada shi, domin wanda aka auna da PCR ya fi wanda aka auna da wani faifan nauyi, a kuma duba mutum nawa aka gwada. A tambaye shi inda kayan suka kwana tun daga Legas ko Kano. A duba ko akwai tsinken tabbatarwa a ciki, mai cutar da marar cutar, a gwada su duk lokacin da aka buɗe sabon kwali. Asibitin da ya fara amfani da kowane iri kuma ya buɗe rijista: shekarun majinyaci, kwana nawa da fara ciwo, sakamako, da yadda ya ƙare. Inda hali ya yi, a riƙa ɗaukar tsinke biyu daga wasu majinyata, ɗaya a faifai, ɗaya a tura inda ke da inji, a rubuta su gefe da gefe. Idan hunturu ya fita aka ga injin yana ta kama waɗanda faifan ya saki, a daina sayen irin wannan faifan, a kuma gaya wa maƙwabtan asibitoci sunansa.